Tsakanin Hilux, Prado da RAV4: yadda na zaɓi mota, na saye ta, na yi mata takardu a Kano

Tun da na sayi motata RAV4 a ƙarshen shekarar 2024, tambaya ɗaya ake ta yi mini: mutumin da ke noman shinkafa a Kadawa, me ya hana shi ɗaukar Hilux? Wasu kuma su ce da na ƙara haƙuri na tara kuɗi da na hau Prado na huta. Na lura yawancin masu tambayar su ma suna cikin ruɗanin da na yi watanni a ciki, kuɗi ya kusa haɗuwa amma an rasa wacce za a saya, kowa aka tambaya ya ja ka nasa ɓangaren. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya kasance daga farko har lamba ta hau mota, ko wani zai samu sauƙi.

A majalisarmu da ake zama bayan sallar isha'i, zancen mota ba ya ƙarewa. Da na faɗi cewa ina neman mota mai ɗan tsayi saboda hanyar gona, nan take jama'a suka rabu uku. Masoya Hilux suka ce duk abin da ba a-kori-kura ba wasan yara ne, ga ta nan jami'an tsaro da kamfanonin gine-gine sun gwada ta sun yarda da ita. Masoya manyan jif suka kawo Prado da 4Runner, suna cewa a nan ne ƙarfi da mutunci suka haɗu. Kashi na uku, yawancinsu matasa masu bin bayanan motoci a waya, su lissafin ƙarfin doki kawai suke yi: Highlander mai silinda shida 270, RAV4 mai silinda shida 269, wa zai kamo su a titin Zariya? Kowa yana da gaskiyarsa, amma babu wanda ya tambaye ni mutum nawa nake ɗauka, ko buhu nawa, ko kuɗin mai nawa aljihuna zai iya a wata. Na tashi daga zaman nan kaina ya fi ɗaurewa.

Wurin da abin ya fara warware mini shi ne garejin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyara wa gidanmu mota. Da na zayyana masa gardamar, bai ce komai ba sai da ya sa yaransa suka ɗaga wata Hilux da ake yi wa aiki, ya ce in sunkuya in duba. Ya nuna mini wasu dogayen ƙarafa biyu masu kauri da suka tashi daga gaba har baya, an haɗa su da na tsakiya. Ya ce wannan shi ne shasi, a kansa aka ɗora inji da bodi, kuma haka Prado da 4Runner suke. Sai ya kai ni ƙarƙashin wata Highlander, babu waɗannan ƙarafan, bodin da shasin abu ɗaya ne kamar na ƙaramar mota. Ya ce, “Malam, wannan da Camry gida ɗaya suka fito, an dai ƙara mata tsayi da faɗi. RAV4 da CR-V ma haka suke. Mutane na ce musu jif duka, amma aikinsu ba ɗaya ba ne.” Na ce, “To Baba, ƙarfin dokin fa da ake ta faɗa?” Ya ce in je in duba na Hilux mai fetur in dawo.

Na duba, kuma abin da na gani shi ya sauya mini tunani gaba ɗaya. Hilux mai injin fetur 2.7, wadda ita ce ta fi yawa a titunanmu, ƙarfin dokinta wajen 160 ne. RAV4 mai silinda huɗu, injin 2.5 da aka fara sa mata daga 2009, tana da 179. Wato a takarda ƙaramar motar ta fi a-kori-kurar ƙarfi, alhali kowa ya san ba za ta iya rabin aikinta ba. Dalilin yana wasu wuraren. Hilux tana da sifirin na faifayen ƙarfe a baya wanda aka yi shi don nauyi, tana ɗaukar kusan tan ɗaya, buhu goma ke nan masu kilo ɗari. Mai jan ƙafa huɗu a cikinsu tana da ƙaramar giya ta musamman, wadda aka rubuta wa L4, da ke rage gudu ta ninka ƙarfin ja, shi ya sa take rarrafawa ta fita daga taɓo ko yashi da kaya a bayanta. RAV4 da Highlander ba su da wannan giyar ko da an rubuta musu 4WD, wato jan ƙafa huɗu. Sannan akwai ƙarfin murɗa taya, wanda shi ke tayar da mota mai nauyi daga tsaye: injin gas na Hilux mai 3.0 yana ba da 343 a ma'aunin Nm tun inji bai yi ƙara ba, na RAV4 kuwa 233 ne, shi ma sai an taka sosai. Ƙarfin doki na wuce tirela ne a kan kwalta. Fita daga fadama da kaya wani abu ne daban.

Dattijon ya ba ni shawarar kada in sayi ko ɗaya sai na hau kowacce da iyalina. Na aro Hilux ta wani abokin aiki muka je Kura muka dawo. A gaba babu laifi, amma a baya kujerar a miƙe take, kuma da yake babu kaya a bodi, duk ramin da muka faɗa sai yara sun yi sama. Jakunkuna a fili suke, ƙura ta yi musu fari fat, kuma da muka tsaya salla sai da muka bar mutum ɗaya yana gadinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hajiya mahaifiyata. Tana fama da ciwon gwiwa, ni nake kai ta asibiti, kuma sai da mutum biyu suka tallafa mata kafin ta hau. Da muka sauka ta ce, “Ɗan nan, in wannan za ka saya, ni dai a riƙa samo mini a-daidaita-sahu.” Prado ta wani yayana ta fi daɗin zama nesa ba kusa ba, ga sanyi ga shiru, amma ita ma hawanta sai da matakala, kuma na ga yadda allurar mai ke sauka.

Daga nan na zauna na yi lissafi a takarda. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har a lokacin da nake neman motar ta haura 1,000, gas kuma ya fi fetur tsada. Bisa ƙiyasin hukumar Amurka da ke auna shan man motoci, RAV4 mai injin 2.5 tana yin wajen kilomita 10 da lita ɗaya, Highlander mai silinda shida da 4Runner kuwa wajen 8. A cunkoson Kano da na'urar sanyi a kunne duka ba sa kai haka. Tankin RAV4 lita 60 ne, na Prado 87, wasu ma suna da tanki na biyu. Masoya silinda shida sukan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma gaskiyarsu ne, sai dai ni albashi da ɗan abin da gona ta bayar nake ci. Sai na juya ga zancen kaya. Girbi sau biyu nake yi a shekara, na damina da na rani, kuma abin da nake samu ya fi ƙarfin sawu ɗaya ko biyu na Hilux, dole dai sai na ɗauki hayar motar kaya ƙirar Kanta. Sauran kwanakin shekara kuwa aikin motar shi ne makarantar yara, ofis, kasuwa, asibiti, da zuwa gona da buhun taki biyu ko uku da injin ban-ruwa. Da na ga wannan a rubuce, zuciyata ta haƙura da Hilux, duk da har yau in na ga fara sabuwa ta wuce sai na bi ta da kallo.

Farashi ma ya taimaka wajen yanke hukunci. Abin da na tarar a lokacin, Hilux da aka riga aka more ta a nan gida, mai shekaru goma da wani abu, kuɗinta ya fi na RAV4 tokumbo sa'arta da kusan rabi, Prado kuma ta ninka. Wani abu da ban ji an taɓa faɗa a majalisa ba shi ne ba a sayar da Hilux a Amurka, Tacoma suke da ita a can. Don haka yawancin Hilux na hannu da ke kasuwarmu ragowar kamfanoni ne da ma'aikatu, sun sha hannun direbobi da yawa, an yi musu fenti an fito da su. Samun mai lafiya a cikinsu sai an tona.

Na fara zagayen wuraren sayar da motoci da niyyar Highlander ko RAV4, kuma ko'ina na je da bakaniken nan da wani mai rewaya da ke da na'urar duba kwamfutar mota. Kowace fita ina ba su kuɗin wuninsu, wajen naira dubu ashirin su biyun, kuma ban taɓa jin zafin wannan kuɗin ba. Mota ta farko da ta shiga raina wata Highlander ce ta 2011, baƙa, mai kujeru layi uku, tana sheƙi, kuma kuɗinta ya yi ƙasa da na sauran. Dillalin yana ta cewa, “Alhaji, wannan rabonka ce, jiya aka sauke ta.” Dattijon bai kula shi ba. Ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga tabon laka a can ƙasa. Ya ɗaga kafet, kusoshin kujera duk sun yi tsatsa, a ramin safaya kuma ga busasshen yashi. Ya jawo ni gefe ya ce, “Malam, wannan ta kwana a ruwa. Yau za ta tashi lafiya, bayan wata shida wayoyinta za su fara ci maka kuɗi.” Da daddare na sa lambar shasinta a intanet, sai ga hotunanta a filin gwanjon motocin inshora a Amurka, an rubuta ambaliya ce ta ci ta. Jikina ya yi sanyi, don saura kaɗan in ba da kafin alƙalami.

Wannan lambar shasi ya kamata kowane mai sayen mota ya san karatunta. Haruffa da lambobi ne guda 17, ana ganinsu a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, 2 Kanada, 1 da 4 da 5 Amurka. Hilux da ta fara da AHT daga Afirka ta Kudu take, MR0 kuma daga Tailan. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Amfanin wannan shi ne akwai masu sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba su ce sabon yayi ce. Na ga wata da aka kira mini ita 2012, da na ƙirga zuwa na goma sai na tarar da 8.

Bayan an ɗan jima ana yawo, har na fara gajiya, muka samu RAV4 ta 2012 mai silinda huɗu, mai jan ƙafa huɗu, irin mai safaya a ƙofar baya. Na fi son wannan yayin a kan na 2013 saboda tsayin cikinta daga ƙasa: wannan wajen santimita 19 ne, wadda ta biyo bayanta kuma 16, kuma a kan kunyar hanyar gona wannan ɗan bambancin shi ke raba wucewa da gogar ciki. Mun je da sassafe don mu same ta inji a sanyaye, saboda mota mai matsala takan ɓoye ta in ta yi zafi. Da aka murɗa makulli, mai rewaya ya tsaya ya ga duk fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu, musamman ta inji da ta jakar iska, don akwai masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya. Ya jona na'urarsa ya tabbatar ba a goge bayanan matsala kwanan nan ba. Dattijon ya duba kalar baƙin mai da man giya, ya leƙa lagireto, ya shiga ƙarƙashi yana ƙwanƙwasa ƙarfe saboda motocin da suka zauna a garuruwan ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu ciki. Ya kuma tabbatar abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, yana nan ba a fasa an kwashe ba. Sannan muka fita da ita titi, muka taka ta, muka bi ta kan ramuka muna sauraron shokazoba. Abin da aka samu kawai shi ne tayoyi da bushin ƙafar gaba ɗaya. Mitarta da mil take ƙirga, ba kilomita ba, sai an ninka da 1.6 kafin a san ainihin tafiyar da ta yi, kuma abin da ta nuna ya yi daidai da rahoton tarihin motar da na saya a intanet.

Kafin a yi maganar kuɗi na nemi takardun kwastan. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi yi wa sakaci, kuma shi ya fi kowanne haɗari. Tun ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa, amma hakan bai hana wasu biyo da su ta daji daga Kwatano a haɗa musu takardun bogi ba. Akwai kuma waɗanda suka shigo ta Legas ɗin amma aka rage musu shekara a takarda don a biya kuɗin fito kaɗan, ranar da jami'ai suka tare ka a hanya kai za a rubuta wa takardar ciko, ba dillali ba. Mai motar ya ba ni kwafin takardar bayanin kaya da ake kira SGD, da ta ƙiyasin kuɗin fito, da rasit na banki, da takardar fita daga tasha. Na duba na ga lambar shasin da ke jikinsu ita ce ta jikin motar harafi da harafi, shekarar ma 2012 aka rubuta. Duk da haka ban tsaya nan ba. Na ɗauki kwafin na je ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai, na rubuta takardar neman tantancewa, aka karɓa aka ce in dawo. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don motar ta riga ta shiga raina. Da na koma aka tabbatar mini lambar tana cikin na'urarsu kuma an biya abin da ya kamata. Mai motar bai nuna damuwa da wannan jinkiri ba, kuma wannan kansa ya ƙara mini natsuwa da shi. Wanda ya ce maka wani na zuwa da kuɗi yanzu-yanzu don haka babu lokacin zuwa kwastan, ka bar masa motarsa.

Ciniki ya ɗauki yamma guda. An sa mata naira miliyan goma sha huɗu, na taya sha biyu, aka ce albarka. Dattijon ya lissafa musu kuɗin taya huɗu da gyaran ƙafa, aka yi ta ja har aka sallama a ƙasa da sha uku kaɗan. Tun kafin a sallama na sa aka fayyace wanda zai biya la'adar dillali da nawa ce, don na sha jin rigimar da ke tashi bayan an gama. Washegari muka haɗu a banki, saboda kuɗin ya fi abin da waya ke iya turawa a rana. Na tura cikin asusun da ke ɗauke da sunan da zai fito a rasit, ban yarda da na wani yaron shago ba. Aka rubuta yarjejeniyar saye da sayarwa mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da kala da kuɗin da aka biya, shaidu biyu suka sa hannu, na karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa, da ainihin takardun kwastan, da makulli biyu. Da na kawo ta gida maƙwabta suka fito ana ta Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, Hajiya kuma ta shiga da ƙafarta ba tare da an riƙe ta ba.

Sai zancen lamba. Inshora na fara yi, don ana neman takardarta wajen rajista. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da harkar inshora, NAICOM, ta mayar da mafi ƙarancin inshorar motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma tana ɗaukar asarar dukiya har miliyan uku. Motar da aka yi wa rajista a matsayin ta ɗaukar kayan mai ita 20,000 ce, masu son a-kori-kura su san da wannan. Na je ofishin kamfanin inshora da kaina, daga baya na duba a rumbun bayanan inshora na NIID na ga sunana ya fito. Wanda ya ce zai yi maka ta dubu biyar takarda kawai zai buga maka, kuma tun 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara matsa wa a kan wannan a duk faɗin ƙasa.

A ofishin rajistar motoci na jiha, tun daga bakin ƙofa masu “kawo a yi maka” suka kewaye ni, kowa da farashinsa. Na wuce su na shiga ciki na tambayi teburin da ake farawa. Abin da aka nema shi ne takardun kwastan, rasit da yarjejeniyar saye, lambar NIN, hotuna, lasin tuƙi da inshora. Aka cike fom, aka fitar mini da takardar biyan kuɗi, na biya a banki na dawo da rasit. Kuɗin lambar kanta a hukumance naira 18,750 ne a lokacin, daga watan Yuni 2025 kuma ya koma 30,000, amma kada mutum ya zo da wannan kaɗai, domin akwai kuɗin rajista, da lasin mota, da takardar shaidar mallaka, da ta lafiyar mota, kowanne da nasa. Layi yana da tsawo, wanda ya zo bayan azahar da wuya ya gama a ranar. Jami'an duba lafiyar mota, wato VIO, suka fito suka gwada fitilu da birki da hon, suka kwatanta lambar shasi da ta takarda. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ita ke buga lambobin kuma ita ke riƙe da rumbun bayanansu, don haka da lambar ta fito bayan ɗan jira, na sa ta a shafinsu na tantancewa na ga ta nuna irin motata. Rubutun lambar motar gida shuɗi ne, na haya ja, na gwamnati kore. Kafin in bar wurin na karanta kowace takarda a tsaye, saboda harafi ɗaya da aka kuskure a lambar shasi zai iya zama dalilin tsayar da kai a kowane shinge daga nan har Abuja.

Kuɗin da mutane ke mantawa da shi shi ne na bayan saye. Mun juye baƙin mai da man giya, aka sauya matatun mai da iska da fulogi, aka gyara ƙafar da kayan da muka saya a Ƙofar Ruwa, inda kayan RAV4 da na Hilux duka ba sa wahalar samu. Tayoyin da ta zo da su na ƙanƙara ne, masu alamar dutse da ƙwayar ƙanƙara a gefe, robarsu taushi gare ta, ba ta jure zafin kwaltarmu a watan Afrilu. Na sauya duka huɗun, kuma na koyi duba lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wani yaron gareji ya ce a cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji a haɗa fanka kai tsaye, wai haka ake yi wa tokumbo. Dattijon ya hana, ya ce injin da ba ya kai zafinsa mai yake sha yana kuma cin kansa. Na sayi abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, na tabbatar jak da safaya suna nan. Duk wannan ya ci kusan naira dubu ɗari bakwai, mafi yawansa a taya. Duk mai shirin saye ya ware irin wannan a gefe tun kafin ya fara taya mota.

Damina ta zo ta gwada zaɓin nawa. Daga Kano zuwa kwanar da nake sauka daga titin Zariya babu abin cewa, tana tafiya lafiya, mai kuma daidai da lissafina. A hanyar burji da ke bin gefen magudanar ruwa, akwai wani maɓalli a gaban direba da ke kulle jan ƙafa huɗun, yana aiki in gudu bai kai kilomita 40 ba, kuma ya fitar da ni daga santsi sau da dama. Amma a tsakiyar Agusta, in an kwana ana ruwa kuma taraktoci sun haƙa hanya, akwai wani yanki kusa da gonar da ba na ko gwadawa. Nakan ajiye ta a ƙauye in hau babur. A nan nake ganin Hilux mai ƙaramar giya tana wucewa a hankali da buhunan taki a baya, kuma na san wannan aikinta ne, tawa ba za ta iya ba. Makonni kaɗan ne a shekara, na kuma san da su tun kafin in saya.

Da wani zai zo mini da tambayar da na kai majalisa, zan fara tambayarsa abin da yake ɗauka a ranakun da suka fi yawa, ba ranar da ta fi wuya ba. Wanda kullum yana tsakanin gona da Dawanau da buhuna, ko mai aikin gini, ko wanda garinsu babu kwalta sam, Hilux ce tasa, ya nemi mai jan ƙafa huɗu don akwai waɗanda baya kaɗai suke ja, kuma in ya tashi sayarwa ba za ta kwana a hannunsa ba. Mai iyali da yawa da ke doguwar tafiya a mummunar hanya, in aljihunsa zai ɗauki mai da gyara ba tare da ya taɓa cefane ba, Prado ko 4Runner ba su da na biyu. Mai mutum bakwai da ba ya barin kwalta, Highlander ta ishe shi, sai dai ya sani layin kujeru na uku na yara ne, kuma in an buɗe shi but ɗin ya kusa ƙarewa. Kowacce aka zaɓa, a bi matakan a jere: bakanike da na'ura, sannan lambar shasi a intanet, sannan kwastan, sai a biya kuɗi. Lasin mota da inshora da takardar lafiyar mota duk na shekara ɗaya ne, a rubuta ranar ƙarewarsu a waya tun ranar da aka karɓa, a ajiye ainihin takardun kwastan a gida, a riƙa yawo da kwafi.